Reshen kariyar kabarin Inna ya yi fure a Kumasi

Zuwa ga ƙanena Ila, a Gazawa.

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ina iyali, yaya ƙafar Baba Sanda? Ni dai ina nan Kumasi, ɗaukar huhun goro ya gama da bayana.

Ka tuna reshen da na yanko daga itacen kariyar da ke kan kabarin Inna, can bakin gona, ranar da na fito? Itacen ƙasarmu ne, ba ya son ruwan kurmi. Shekara bakwai yana cikin tukunya a ƙofar ɗakina, bai taɓa fure ba. Ran Juma'a, ana tsakar damina, ya zubar da ganye kakaf, ya yi fure jawur kamar a rani can gida. Tsohuwar da ke maƙwabtaka da ni ta dube shi ta ce, "Ɗan arewa, wa aka taɓa maku?"

A ranar kuma wani direba ya ce mani sabuwar gwamnati za ta ja hanya ta gefen gonarmu.

Ila, ka riƙe gonar gadonmu kai kaɗai, ban manta ba. Amma kai ka yi jinyar Inna, ba ni ba. Don Allah je ka duba. In masu aikin hanya sun kafa turaku, ka tsaya a kan kabarin har su karkatar da hanyar.

Gai da Hajo. Ku sa ni a addu'a.

Wanka, Mamman