Tattabarun Jinƙai

Magama, Jibiya,
12 ga Satumba, 2021.

Zuwa ga Yayata Sarai,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, da fatan kina lafiya, ke da maigida Yaya James da 'yata Jemimah. Yaya ciwon gwiwar nan? Ni ma lafiya, sai godiya.

Kada ki yi mamakin ganin takarda. An kashe mana layin waya a Jibiya, don haka zan riƙa ba Ɗantala direba, mai kai albasa Zariya, ya kawo miki.

Yau kwanana ashirin da ɗaya a Magama. Kin ji yadda muka watse daga ƙauyenmu na Gangara bayan 'yan bindiga sun aiko da saƙo karo na biyu, aka rufe makarantar da na yi shekara goma sha bakwai ina koyarwa. Abin da ban gaya miki ba shi ne kayan da na ɗauko. Mai mota ya ce kowa ƙunshi biyu. Na bar katifa da keke, na ƙunshe littattafan da nake rubuta al'amuran yau da kullum tare da tukunyar miyar Jinƙai, sannan na ɗauki kwandon tattabarunta guda goma. Mutane sun yi ta kallona kamar wanda ya zautu. Wataƙila da gaskiyarsu. Amma wata biyu kacal da binne matata, na kasa barin abin da take watsa wa hatsi kowace safiya.

Na sami ɗaki a gidan wata tsohuwa, Uwa, 'yar Ɗan Isa ta ƙetaren iyaka, mai tuyar ƙosai kusa da shingen kwastan, ko duwan kamar yadda take kiransu. Musulma ce, amma ranar Lahadi ita ke tashina kada in makara sujada. Ta sa mini suna Malam Littafi. Da rana ina koyon facin taya wajen wani Hussaini a bakin titi. Ina da shekara arba'in da uku, hannun da ya saba da alli har yanzu bai iya ƙarfen ɓanɓare taya ba.

Na ɗaure wa tattabarun fukafukai da zare don kada su koma gida. Uwa ta ce kada in kuskura in kwance sai sun yi ƙwai a nan. Amma na duba littafina na 2014, na ga na rubuta da hannuna cewa Jinƙai ta kwance sababbin tattabarunta bayan kwana arba'in, kuma duka suka zauna. Ina ganin abin da aka rubuta zan bi, ko da yake nakan yi shakka.

Da yamma nakan zauna cikinsu. Akwai baƙin namijin nan da Jinƙai ke kira Dattijo saboda tafiyarsa, da matarsa Tsiwa, mai cizon kowa a kan gero. Ina ba su labarin yadda na wuni. Kada ki yi mini dariya. Tukunyar kuwa na ajiye ta bayan tarin itace, don ban iya kallonta tukuna.

A gaishe da kowa da kowa.

Ƙanenki,
Filemon.

Magama,
2 ga Oktoba, 2021.

Yayata Sarai,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku duka, na ga saƙon yaji da daddawa, Allah ya saka.

Yaya, na yi ɓarna. Jiya kwana arba'in suka cika. Da safe, bayan Uwa ta fita da kaskonta, na kama su ɗaya bayan ɗaya na yanke zaren. Na shiga ɗaki in rubuta lokacin, ƙarfe bakwai da minti goma, sai na ji ƙarar fukafukai. Kafin in fito sun hau sama. Suka zaga gidan sau biyu, suka bi ta kan layin manyan motocin da ke jira a iyaka, sannan suka miƙe, ba su ko waiwayo ba. Na san inda suka nufa. Na watsa gero, na yi ta irin fiton da Jinƙai ke yi musu har rana ta faɗi. Kajin maƙwabta ne suka cinye.

Da Uwa ta dawo ta ga zaren a ƙasa, ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi, ɗana, matarka ƙwai ta gani ta kwance, kai kuwa kwanaki ka gani ka rubuta. Na sake buɗe littafin. Gaskiyarta ne. Ranar na rubuta an yi ruwa, na rubuta yawan yaran da suka zo aji, amma ban rubuta abin da Jinƙai ta leƙa ta gani a akurki ba, don ban tambaye ta ba. Shekara goma sha biyar muna tare, ban san abubuwa nawa na rubuta haka ba.

Na yanke shawara, jibi Litinin zan tafi ƙauye in kamo su. Na san abin da za ki ce. Hussaini ya riga ya faɗa, ya ce wani da ya je can duba gonarsa makon jiya har yau ba labarinsa, ya kuma hana ni aron kekensa. Zan tafi da ƙafa ta gefen rafi. Suna can a kan katangarmu ba mai ba su ruwa, kuma ni na jawo.

In kin ji shiru, littattafaina suna ƙarƙashin tabarma. A ba Jemimah.

Ki yafe mini.

Ƙanenki,
Filemon.

Magama,
17 ga Oktoba, 2021.

Yayata abar ƙaunata,

Ina gaishe ki, ina gaishe da Yaya James, da fatan hankalinku ya kwanta. Ɗantala ya kawo mini takardarki, ya kuma ƙara da nasa zagin a gaban jama'a, ya ce tsuntsu ma ya fi ni tunani. Na karanta sau huɗu. Inda kika ce ba tattabaru zan je nema ba, kabarin Jinƙai zan je, kuma ban damu in dawo ba, na daɗe ina kallon wurin. Ba ki yi ƙarya ba.

Ban tafi ba. Ga yadda aka yi.

Ranar Litinin da safe na ɗaura takalmi, na zaga bayan itace in ɗauki kwando. Sai na ji gurnani daga cikin tukunyar Jinƙai. Na durƙusa na leƙa, karo na farko tun zuwana. Dattijo ne kwance a kan tsinkayen da suka tara, ya rame, ya ɗaga fiffike zai mare ni. A ƙarƙashinsa akwai ƙwai ɗaya da ya yi sanyi, da wani ɗan abu ja mai rawar kai wanda bai daɗe da ƙyanƙyashewa ba. Ashe sun fi mako biyu suna kwanci a wurin da na ƙi dubawa. Ashe tara ne suka tafi, ni kuwa na rubuta goma.

Uwa ta ce tattabaru karɓa-karɓa suke yi, namiji ya kwanta da rana, mace ta karɓe shi da yamma. Tsiwa ta bi 'yan'uwanta, shi kuwa kwana uku ba wanda ya karɓe shi, bai tashi ba. Ta ce in har na sa ƙafa na fita, to in fara haƙa wa waɗannan biyun rami, don ita ƙosai take toyawa, ba reno ba. Na zauna a ƙasa da kwando a hannu, na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Sannan na cire takalmin.

Yanzu gero da ruwa a bakin tukunya nake ajiye masa. Tun da ɗan ya yi mako, Uwa ta koya mini jiƙa gero in tauna in ba shi baki da baki, don uban shi kaɗai ba zai iya ba. Sau uku a rana nake barin faci in zo, Hussaini yana tsokanata wai mai jego ya tashi. Gashi ya fara fito masa, baƙi kamar na uban, amma cizon na uwar ne.

Tsiwa da sauran ba su dawo ba. Har yanzu nakan ɗaga kai da yamma, ba zan ɓoye miki ba. Suna can inda Jinƙai take, na bar mata su.

Uwa ta yi magana da wani ɗan'uwanta a Ɗan Isa, zai kawo wa Dattijo mace ranar Alhamis. Zan ɗaure mata fiffike da sauran zaren nan. Wannan karon ba zan ƙirga kwana ba, tukunya zan riƙa leƙawa.

Ki gaya wa Jemimah ta haƙura da littattafan, ina da sauran rubutu.

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanenki mai ƙaunarki,
Filemon.