Shugaba ta Huɗu

Assalamu alaikum Yaya,

Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, da fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali gaba ɗaya. Yaya ƙafar taka? Maman yara ta gaya mini da zarar ka ji sauƙi sai ka ajiye maganin, ashe halin nan naka yana nan yadda na san shi. Allah ya ƙara lafiya, ya ja kwana. Mu nan lafiya lau. Hawan jinin mai gidan ya sauka, autata kuma ta gama jarrabawa, tana zaune tana cinye mini abinci. Na zaɓi in rubuto maka maimakon in kira, don na san kaina. Idan na fara maganar nan da baki muryata za ta karye, kai kuma ka ce in yi haƙuri tun ban kai ƙarshe ba.

Yaya, an sauke ni daga shugabancin makaranta. Bayan shekara goma sha tara, ranar Litinin da ta wuce na miƙa wa mataimakiyata makullin ofis da rajista, na koma aji biyu, yara hamsin da takwas. Ba a kama ni da laifin komai ba. Kuma da hannun ɗanka a ciki, wanda ya yi shekara shida a ɗakina, wanda har yau da ya zama malamin jami'a kuke kiransa Ɗan Gwaggo.

Shekara biyu da suka wuce jami'arsu ta haɗa kai da hukumar ilimi don a horar da shugabannin makarantun gwamnati. Kafin su tsara darussan sai suka zaga suna duba yadda muke aiki, kuma shi ya kawo su wurina. Ranar har da sabon mayafi na sa. Suka tarar rufin aji huɗu yana yoyo, benci ɗaya yara biyar, amma yaranmu ba sa barin makaranta kamar na maƙwabta. Suka tambaye ni sirrin, na ce babu wani sirri. Duk yaron da ya yi kwana uku bai zo ba, ana tashi nake tafiya gidansu da ƙafata. Ba na riƙe takarda, ba na tambayar dalili, don iyaye suna ganin biro a hannunka sai bakinsu ya rufe. Zama nake yi in gaisa, in ce kujerarsa tana nan, mun yi kewarsa. Kafin in miƙe uwar da kanta za ta gaya mini takalmi ne ya tsinke, ko wani malami ne ya kunyata shi a gaban aji. Wata huɗu Ɗan Gwaggo yana bina lungu lungu yana rubutu, har takalminsa mai tsada ya buɗe baki.

Da za su fara ɗaukar maganata ya kawo mini wata takarda mai gurbi biyu, ko a sa sunana a littafin da za su buga, ko a ɓoye. Ba zan yi masa ƙarya ba, ya karanta mini ita sau biyu. Ni na ce a ɓoye. Ka san tarbiyyarmu, mace ta tsufa tana tallan sunanta, sai na ji nauyi. Kuma na saki baki a kan hukuma, na faɗi yadda ake turo mana malamai a takarda ba mu taɓa ganin fuskarsu ba. Littafi ya fito, babi na shida sukutum a kaina, suna kirana Shugaba ta Huɗu. Na ajiye shi a kan kabad ina goge masa ƙura kamar hoton biki.

Bana sai ga sabuwar doka, wai ba mai riƙe makaranta sai da shaidar kwas ɗin jami'ar, kwas ɗin kuma ba a shigarsa sai da digiri. Ni takardar malanta gare ni, wadda na samu lokacin da kake kai ni tasha da akwatin ƙarfe. Amma an bar ƙofa ɗaya: duk wanda jami'a ta ba da shaida a rubuce cewa ya taimaka wajen gina kwas ɗin, za a bar shi a kujerarsa. Wallahi da na karanta dariya na yi, na ce wa mai gidan ai tawa ta zo da sauƙi.

Na sami Ɗan Gwaggo a ofishinsa, hawa na uku, ga sanyin na'ura, ga littafin nan jere a bayansa. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ba ni kujerarsa. Da na faɗi abin da ya kawo ni sai ya fara juya biro. Ya ce takardar da na sa wa hannu ta ɗaure su, ba mai kwance ta sai wani kwamiti, kwamitin kuma ba zai zauna ba sai bayan wa'adin hukuma ya wuce. Na ce to ni mai sunan ce, na yafe ɓoyewar, ya ba ni wata takardar in sa hannu. Sai ya sauke murya ya ce in tuna abin da Shugaba ta Huɗu ta faɗa a kan hukuma. Idan aka san ni ce, za a san wane ofishi nake nufi, manya za su ji haushi, haɗin gwiwar da makarantu ɗari biyu ke ci za ta iya rushewa. Ya ce in duba yaran, Gwaggo. Ni yake cewa in duba yara. Na sauko matakalar nan ina riƙe bango, ya biyo ni da jakata har bakin titi.

Abin bai tsaya nan ba. Ranar Asabar aka tara mu taron bita, sababbin shugabanni da tsofaffin malamai, aka koya mana "ziyarar kwana uku". Wata yarinya da ba ta kai 'yata ta biyu ba ce ke koyarwa. Sun mayar da abin fom mai shafi biyu, da gurbin dalilin rashin zuwa da gurbin sa hannun uba. Na ɗaga hannu na ce idan aka shiga gida da fom ba za a ji gaskiya ba. Ta yi murmushi ta ce Mama ba ki fahimci tsarin ba, ki koma ki karanta babi na shida. Aka yi dariya kaɗan. Shi kuwa Ɗan Gwaggo yana zaune a gaba, ya sunkuyar da kai yana duba wayarsa.

Shekaranjiya ya aiko mini saƙo. Wai wata mai zuwa baƙi za su zo ganin makarantar da ta fi nasara a shirin, tamu suka zaɓa, in taimaka in shirya sabuwar shugaba a kan abin da za ta faɗa musu. Na shirya ta, Yaya. Yarinyar kirki ce, ni na koya mata cika rajista, tana rubutu tana share hawaye. Na yi ne don an ce baƙin za su iya gyara rufin aji huɗu, ba don shi ba.

Na san zai kira ka, kuma na san maganarsa za ta yi ma'ana, don kullum tana yi. Ban ce ka yi masa faɗa ba, kujera ta riga ta tafi. Gidana gidansa ne, in ya zo zai ci ya sha. Abu ɗaya nake roƙo, kada ka kira ni ka ce in yafe masa, kada ka turo Baba Ƙarami ya ce mini ɗa ne. Na fi kowa sanin ɗa ne, shi ya sa abin yake ci mini rai. Zan yafe, amma ba wannan watan ba. Ku bar ni in gama jin zafina tukuna.

Ka gaishe mini da Maman yara, da Tela da amaryarsa, da Hajiya Babba in ta gane mai gaisuwar. Ka shafa mini kan 'yan biyu. Mai gidan yana gaishe ka, ya ce ka sha maganinka.

Taka ƙanwa,
Malamar aji biyu