Yatsan Bilyaminu

Wara, Litinin

Yaya Rahama,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ya aikin asibiti, ya yara? Wayata ta faɗa ruwa wajen wanki, shi ya sa na ba direba takarda.

Bilyaminu ne ya hana ni sukuni. Saura wata biyu ya cika shekara biyu, amma ko "Inna" bai taɓa cewa ba. Ɗiyar Laraba maƙwabciyata, da aka haifa bayansa, har ashar ta iya. Kunnensa lafiya lau, in kwano ya faɗi sai ya zabura. Surukata ta ce babansa ma, Allah ya jiƙan Sahabi, bai buɗe baki da wuri ba. Ni dai hankalina bai kwanta ba.

Ƙanwarki,
Lubabatu

Yauri, Laraba

Lubabatu,

Wa alaikumus salam, duk muna lafiya. Ke da waya dai ba kwa shiri, wannan ce ta uku.

Jinkirin baki kaɗai ba ya tsorata ni. Abin da muke tambayar uwa a nan shi ne, yana nuna abu da yatsa, ya juyo ya kalle ki? Yatsa ke gaba, baki ya biyo baya. Yaro ya nuna akuya, uwa ta ce "akuya", da haka yake tara magana. Da na zo ta'aziyya na gan shi yana nuna komai, har kunnena. Yana yi har yanzu? Ki gaida surukarki.

Yayarki,
Rahama

Wara, bayan sati uku

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Kunya ta hana ni amsawa da wuri.

Ba ya nunawa, kuma ni na hana shi. Sahabi ya saba saɓa shi a kafaɗa ya kai shi bakin ruwa suna nuna jirage. Bayan jirgin su Sahabi ya kife, duk na je wanki sai yaron ga ya miƙa yatsa tsakiyar ruwa shina kallona. Surukata ta ce ba a nuna ruwan da ya ci mutum, kiran ruwan ake yi ya sake cin wani. Tsoro ya kama ni. Duk ya ɗaga yatsa sai in buge hannun. Ba sau ɗaya ba, Yaya, wata huɗu ina yi. Ya bar nuna ruwa, ya bar nuna komi. In ƙishirwa ta kama shi sai ya tsaya gaban randa, hannu a dunƙule.

Ashe babansa yake tambayata, ni kuwa na amsa da duka. Na tsani hannun nan nawa. Ki yi mini addu'a.

Lubabatu

Yauri, Asabar

Ƙanwata,

Na gaishe ki. Na yi kuka da na karanta takardarki. Ba zan ce ba ki yi kuskure ba, amma tsoron rasa shi ne ya sa ki. Yanzu ke za ki fara: ki nuna abu, ki faɗi sunansa, ki yi dariya. Ranar Alhamis ki kawo shi likita ya duba. Allah ya buɗe masa baki.

Rahama

Wara, Talata

Yaya,

Sallama. Na gwada. Mun zauna ƙofar gida, na nuna akuyar Laraba, na ce "akuya". Bai dubi akuyar ba. Ya kama hannuna da hannu biyu, ya lanƙwashe yatsan, ya cusa shi cikin zanena, shina waige-waige kar wani ya zo ya doke ni.

Muna tafe Alhamis, motar farko. Sai mun zo.

Lubabatu