Na'urar da Aka Tsoma a Bokiti

Yayana,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka, da Inna da ƙafar tata. Mu ma da sauƙi, sai dai raina a ɓace yake, kuma kai ka ɓata shi.

Ka san aikina: wuni nake gaban kwamfuta ina duba lambobin da na'urorin gwajin ruwa ke aikowa daga magudanan gonaki. In gubar dalma ta yi yawa a ruwan, allo ya yi ja, ƙofar ruwa ta rufe kanta. Ni na tsaya maka wajen shugabanmu har aka ba ka kula da na'urar layin magudanarku. Na ce yayana ne, ba ya wasa da amana.

Tun da masana'antar batir ta fara sako dagwalonta, layinku ja yake yi a kai a kai. Kwatsam sai ya koma kore, wata uku cur. Har hamdala na yi, ni sakarya! Shekaranjiya da aka saki ruwan madatsa, kowane layi ya nuna laka, naku kaɗai garau. Shi ya sa na zo jiya ba sanarwa, ban same ka ba.

Haba Yaya! A bayan rumfar injin ban ruwa na tarar da na'urar tsome cikin bokitin wanki, cike da ruwan burtsatse. Har inuwa ka yi mata da kwali kada rana ta dame ta. Ita tana shan gata, gonaki suna shan guba.

Na san za ka ce da ƙofa ta rufe, shuka ta bushe, manoma sun ci ka ɗanye. To ni fa? Duk mako kana aiko mini da kwandon latas da karas, ni kuma ina ɗura wa 'yata, don allona ya ce kore. Shekararta uku. Kwana goma ke nan tana kukan ciki, ba ta cin abinci. Gobe za a ɗebi jininta.

Ka gaida gida.

Ƙanwarka,
Auta


Yaya,

Bayan gaisuwa, da fatan kun tashi lafiya. Saƙon ban haƙurinka ya iso, har da cewa kai ma yaranka sun ci. Wannan ai ba uzuri ba ne, ƙarin laifi ne. Ka kwaso su ka kawo asibiti gobe-goben nan, kada ka tsaya shawara da kowa.

Sakamako ya fito: akwai dalma a jininta, mai yawa. An kwantar da mu. Na rubuta rahoto da sunanka a ciki, na sa nawa a ƙasa, tunda ni na yi ta sa hannu a kan ƙarya ban taɓa tako ƙafa na duba ba. In sun kore ni, sun yi daidai. Kuma kada ka turo Inna ta roƙe ni, takarda ta riga ta wuce.

Likita ya ce magani zai rage gubar, amma abin da ta taɓa a ƙwaƙwalwar yaro ba lallai ya dawo duka ba. Watan jiya yarinyar nan tana ƙirga yatsunta har goma tana tafa wa kanta. Yau da safe ta tsaya a huɗu, ta ɗago tana kallona in gaya mata na gaba.

Ka gaida Inna. Kai kuwa, wallahi ban san ranar da zan iya kallon fuskarka ba.

Ƙanwarka,
Auta