Sanarwar Bayan Ƙofa

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Inna, ya yara? Ni lafiya lau. Yatsana da inji ya ɗan taɓa ya kusa warkewa.

Za a zaɓi wakilin ma'aikata a masana'antarmu, wanda zai tsaya mana kan haɗarin injinan nan. Doka ta ce a liƙa sanarwar zaɓen inda kowa zai gani tun da wuri. Manaja ya rantse ya liƙa. Da na bincika, sai ga ta a bayan ƙofar sito, wadda kullum a buɗe take, manne da bango. Wa zai leƙa nan in ba gizo-gizo ba? Kuma surukinsa kaɗai ya fito takara. Biri ya yi kama da mutum, Yaya.

An ce duk wanda ya taɓa takardar a bakin aikinsa. Ban taɓa ta ba. Ni kafinta ne, ƙofar na kwance, na jingine ta a ɗakin cin abinci. Tun ranar manaja yake min murmushi, kuma murmushin nan bai kwanta min ba.

Ki ce Inna ta sa ni a addu'a, amma kada ki faɗa mata dalili.

Ƙaninki,
Auta