Tabon da ke Hannun Gwaggo Likita

Cikin alhini da karayar zuciya, Ƙungiyar Iyayen Yara Masu Ciwon Ƙaiƙayin Fata ta samu labarin rasuwar uwa a gare mu, Mai Girma Shugabar Sashen Binciken Fata, Hajiya Farfesa, wadda yaranmu ke kira Gwaggo Likita, bayan gajeriyar jinya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da daɗewa na ji ana cewa duk yaron da ya firgita da ɗan ƙarfen da ake gutsurar fata da shi don gwaji, marigayiya takan rufe ƙofa, ta naɗe hannun farar rigarta, a fara gutsurar tata yana kallo. Ni da na tsufa ina jin labarai, na ce wannan kam ƙarin gishirin bencin jira ne. Jikata ma da ta faɗa mini, ce mata na yi ta rage ƙarya.

Abin da muka shaida shi ne, shekara goma sha ɗaya ta yi tana kwatanta fatar masu ciwon da ta masu lafiya, tana duba waɗanne ƙwayoyin halittar da ake gada daga iyaye ne suka farka, waɗanne suka yi barci, domin a samu alamar da za ta nuna maganin da ya dace da kowane yaro, a daina shafe-shafen lalube. Ita ce ta fara gaya wa matanmu cewa ba ƙazantarsu ba ce ta sa yara ke susa har jini ya ɓata zanen gado.

Ta tafi aikin bai kammala ba, gutsattsarin fatar yaranmu ɗari uku na cikin firjin ɗakin gwajinta. Muna roƙon ɗalibanta, don girman Allah, kada su bari aikin ya mutu tare da ita. Mu dai za mu ci gaba da kawo yaran.

Muna miƙa ta'aziyya ga maigidanta, Alhaji Injiniya, da 'ya'yanta da 'yan uwanta. Allah Ya jiƙanta da rahama, Ya ba su juriyar wannan babban rashi.

Labarin nan na gutsurar fatarta kuwa, na koma na nemi gafarar jikata. Wadda ta faɗa mini shi na ƙarshe ita ce ƙanwar marigayiya, wadda ta yi mata wanka. Ta ce ta ƙirga ƙananan tabo arba'in a hannu guda, ta kasa ci gaba.

Sa hannu:
Kakan 'Yan Biyu,
Mai Magana da Yawun Ƙungiya