Sunan da Ban Rubuta Ba

Zuwa ga Adda Hajara,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da ban girma, ni ne ƙanenki Sa'idu. Ina rubuto miki daga Haɗejiya, kwanana tara da dawowa daga Ingila. Jiya na je ƙauye, Baba ya kai ni kabarinki a bayan tsamiya. Wata bakwai ke nan da rasuwarki. Wannan ce wasiƙa ta farko da na taɓa sa sunanki a ciki, kuma abin da ya hana ni sakat ke nan.

Shekara huɗu ina aiko wasiƙa gida. Kin san yadda ake yi: Malam Buba na firamare ya zo ya zauna a tsakar gida ya karanta, kowa ya kasa kunne ya ji sunansa a jerin gaisuwa. Na gaida Baba, na gaida Liman, na gaida hedimasta, har direban da ya kai ni Kano sai da ya samu tasa. Ke kuwa kina cikin "da sauran mutanen gida".

Bari in gaya miki aikin da ya ɗauke ni, tunda ban taɓa gaya miki ba. Taurari garke-garke suke, Adda, kowane garke da nisansa. Akwai masu siffar ƙwai, waɗanda suka daina haifar sababbin taurari tun da daɗewa, kamar garken da babu maraƙi ko ɗaya. Manya masu shuɗin haske sun ƙone tuntuni, saura tsofaffi jajaye. Ni aikina in zauna a wani ɗaki mai sanyi da hoton garken a kan gilashi, ina auna haskensa daga tsakiya zuwa gefe. Tsakiyar ta fi ja. Har alamar sinadarin da ke cikin kanwa muna gani a hasken, kuma ta fi ƙarfi a can.

A kan wannan alamar muka yi ta gardama. Malamina yana ganin ƙananan taurari ne suka yi cincirindo a tsakiya, wasu suka ce sam. Har na taho ba a daidaita ba. Amma akwai abin da kowa ya yarda da shi: hasken garke daga 'yan tsirarun taurari masu kumbura yake fitowa, yawancin nauyin taurarin kuwa na ƙananan ne, waɗanda ko a madubin hange ba a ganinsu ɗaya ɗaya. Duk ɗalibin da ya auna nauyi da haske kaɗai, malamina ja masa layi yake yi. Ni ban taɓa yin wannan kuskuren a takarda ba. Har yaba mini ake yi, wai ina da lura!

Inna ta rasu ina shekara biyar, kina sha uku. Ke kika goya ni.

Shekarar da aka sa ni makaranta, Baba ya ce sai dai a haƙura, shinkafa ta fitar da kai, tsuntsayen jan-baki sun sauko fadama, wa zai kore su? Kika ce ke. Kika hau rumfar kora tun asuba, kina jan igiyar gwangwanaye kina ihu har faɗuwar rana. Damina shida kika yi haka. Muryarki ta dushe tun lokacin, ba ta ƙara komawa daidai ba, har yara na kwaikwayon ki. Ni ma na taɓa yi, Allah Ya yafe mini.

In kogi ya cika ya shafe hanyar Auyo, ke kike ɗora allona da rigata a ƙwarya bisa kanki, ruwa iya ƙirjinki, ni ina riƙe da wuyanki. Kullum kya ce, "Riƙe da kyau, Malam, kada boko ya jiƙe."

Jiya da na baro kabarin, Malam Buba ya ja ni gefe. Ya ce duk ranar da wasiƙata ta iso, kina baro gidan mijinki da hannu duk ƙamshin bandar kifi, ki tsaya jikin rumbu. In ya gama sai ki ce, "Malam, sake duba ƙarshen, ƙila ka tsallake." Ya ce a shekarar ƙarshe, da jikinki ya fara rauni, tausayi ya kama shi, ya ƙara da bakinsa: a gaida Yaya Hajara da kyau. Wai kika yi murmushi kika ce, "Na gode, Malam. Amma shi Adda yake ce mini." Daga ranar ba ki ƙara cewa ya sake dubawa ba.

Wayyo Adda. Ban manta ki ba, wallahi. Gani nake kina nan, kuma kullum kina nan, sai na dawo mu yi hira. Ba hujja ba ce, na sani. Kunya nake ji, kuma babu wanda zan roƙa gafara ya amsa mini.

Allah Ya jiƙanki, Ya yalwata kabarinki, Ya haɗa ki da Inna a Aljanna Firdausi. Ranar da za a kira bayi, Allah Ya sa a kira ki da sunanki cikin na farko. Amin.

Ƙanenki da kika goya,
Sa'idu